Mutum Shida a Jerusalem Bay, da Amsar da Ta Ɗauki Shekara Uku

A cikin watan Disamba na 2017 katunan gayyatar biki suka fara isa gidajen wasu mutane a Ingila. Angon shi ne Richard Cousins, mai shekara 58, shugaban kamfanin Compass, wanda ya fi kowane kamfani girma a duniya wajen kwangilar dafa abinci a makarantu da asibitoci da ma'aikatu. Tun 2006 yake riƙe da kamfanin, kuma ya riga ya sanar cewa zai sauka a ƙarshen Maris na 2018. Matarsa ta fari ta rasu a 2015 bayan fama da ciwon daji. An sa ranar bikin a tsakiyar 2018. Kafin nan sai ya ɗebi 'ya'yansa maza biyu, ɗaya mai shekara 25 ɗaya mai 23, da wadda zai aura da 'yarta mai shekara 11, suka tafi hutun ƙarshen shekara a Ostiraliya.

Ranar 31 ga Disamba suka hau wani ƙaramin jirgin sama mai sauka a kan ruwa daga Rose Bay, a gaɓar birnin Sidni, zuwa wani gidan cin abinci da ke bakin ruwa a Cottage Point. Tafiya ce ta wajen minti ashirin, wadda masu yawon buɗe ido ke yi kullum. Suka ci abincin rana, suka koma cikin jirgi don komawa gari. Jim kaɗan bayan ƙarfe uku na rana jirgin ya tashi, ya ɗan hau, ya yi kwana, sannan ya kutsa cikin wani lungun ruwa da ake kira Jerusalem Bay. Wannan lungu ba hanya ba ce. Tsaunuka masu gangare sun rufe shi ta gefe biyu da ƙarshensa, kuma jirgin yana ƙasa da tsayin tsaunukan. Mutanen da ke cikin jiragen ruwa a wurin sun ce ƙarar injin lafiya lau take, ba tari ba yankewa. Sai kawai suka ga jirgin ya karkata dama sosai, fiffike ɗaya na kallon sama ɗaya na kallon ruwa, hancinsa ya sunkuya, ya daki ruwa. Ya kife, ya nutse zuwa zurfin wajen mita 13.

Wasu maza da ke cikin wani jirgin ruwa a kusa sun garzaya sun faɗa ruwan, man jirgin na yawo a samansa yana ƙona musu ido, amma ba su iya kaiwa ga kowa ba. Kafin dare 'yan sanda masu nutso sun fito da gawa shida: fasinjoji biyar da matuƙin, ɗan asalin Kanada mai shekara 44.

A wannan lokaci na shekara Sidni tana gaban Landan da awa 11. Wato sa'ad da jirgin ya daki ruwa, ƙarfe huɗu na asuba ya ɗan wuce a Ingila, waɗanda aka aika wa katin biki suna barci. Da dare ya yi a Sidni aka harba wutar wasan sabuwar shekara a kan gadar birnin kamar yadda aka saba.

Wanda ake kira da wanda ba a kira

Abin da ya sa na ɗauki wannan hatsari na zauna a kansa ba girman mamacin ba ne. Abu biyu ne. Na farko, gida guda ne ya tafi gaba ɗaya, uba da duk 'ya'yansa, uwa da 'yarta, don haka wani babban kaso na masu makokin abokai ne: abokan karatun samarin biyu, abokan aikin uban da na amaryar, yaran ajin yarinyar. Na biyu, amsar tambayar da kowannensu ya fara yi, wato me ya faru, ba ta fito ba sai bayan shekara uku, kuma da ta fito ba ta yi kama da ko ɗaya daga cikin hasashen da aka yi ta yaɗawa ba.

Idan mutum ya mutu a ƙasar waje, akwai layin da labari ke bi. 'Yan sandan ƙasar da abin ya faru su sanar da ofishin jakadanci, ofishin jakadanci ya sanar da 'yan sandan gida, su kuma su je su ƙwanƙwasa ƙofar dangi na kusa. Aboki ba ya cikin wannan layi. Ko da shi ne ya raka su filin jirgi, ko makullin gidansu na hannunsa, ba wanda doka ta ɗora wa nauyin ya kira shi. Yawanci a waya yake tsintar labarin, a kanun labarai da suka ce "wasu 'yan Birtaniya biyar", ya yi ta lissafi a zuci yana ƙaryata kansa, ya aika saƙo ya zuba wa waya ido. Daga nan kuma komai ta hannun dangi yake bi: takardar shaidar mutuwa, maganar kamfanin inshora, dawo da gawa, ranar jana'iza. A Ingila da Wales, in aka dawo da gawar wanda ya yi mutuwar hatsari a waje, dole jami'in binciken musabbabin mutuwa ya buɗe nasa zaman. A wannan zama doka ta lissafo waɗanda ke da damar ganin takardu da yin tambaya, irin su mata ko miji, iyaye, 'ya'ya, 'yan'uwa. Aboki sai in jami'in ya ga dama ya sa shi ciki.

Ban ga laifin wannan tsari ba, dole a ja layi a wani wuri. Amma yana barin mutum da baƙin cikin da ba shi da mazauni. A wurin aiki ba a cika ba da hutun makoki don aboki ba. A wurin jana'iza shi ne mai jera kujeru da tarbar baƙi, ana yi wa wasu gaisuwa yana tsaye, alhali wataƙila ya fi wani ɗan'uwan sanin mamacin nesa ba kusa ba. Wani masani ɗan Amurka, Kenneth Doka, ya ba irin wannan hali suna tun 1989: baƙin cikin da jama'a ba su ba mai shi izinin yi a fili ba. Ga kuma nisa. Tsakanin Landan da Sidni kusan kilomita 17,000 ne. Wanda abokinsa ya mutu a kwanar wata hanya a garinsu yana iya zuwa ya tsaya a wurin, ya ga kwanar da idonsa, hankalinsa ya kama wani abu. Wannan kuwa sai dai taswira a waya, ya yi ta matso da wani koren lungu da bai taɓa jin sunansa ba.

Kamfani shi ba ya jira. Compass ta matso da ranar kama aikin magajinsa, Dominic Blakemore, daga 1 ga Afrilu zuwa 1 ga Janairu, washegarin hatsarin ke nan.

Wani abin da mutane da yawa ba su lura da shi ba: a wannan rana dai, 31 ga Disamba 2017, wani ƙaramin jirgi ƙirar Cessna ya faɗi jim kaɗan bayan tashinsa daga Punta Islita a ƙasar Kosta Rika. Amurkawa goma da matuƙa biyu suka mutu, ciki har da iyali guda na mutum biyar. Ƙananan jiragen yawon buɗe ido haka suke cika, da mutanen da suka san juna.

Shekarun hasashe

Bisa yarjejeniyar Chicago ta 1944 kan sufurin jiragen sama, ƙasar da hatsari ya faru a cikinta ita ke da alhakin bincike, kuma manufar binciken hana sake aukuwa ce kawai, ba ɗora laifi ba. A nan aikin ya faɗa kan hukumar binciken haɗurran sufuri ta Ostiraliya, wato ATSB. Ranar 4 ga Janairu 2018 aka ɗago tarkacen jirgin daga ruwa. A ƙarshen watan aka fitar da rahoton farko, wanda kusan duk abin da ya ƙunsa shi ne abin da shaidu suka gani.

Babbar matsalar masu bincike ita ce babu baƙin akwati. Doka ba ta wajabta wa jirgi mai wannan ƙanƙanta ɗaukar na'urar naɗar murya ko ta bayanan tafiya ba. Matuƙin bai yi kiran neman agaji ba. Abin da ya ɗan taimaka shi ne kyamarar fasinjan da ke kujerar gaba, wadda aka tsamo daga ruwa aka yi nasarar ciro hotunan da ke ciki. Da waɗannan hotuna na ɗan yawon buɗe ido, na ruwa da tsaunuka ta tagar jirgi, aka auna hanyar da jirgin ya bi da tsayinsa a mintunan ƙarshe.

Jirgin ƙirar Beaver ne na kamfanin de Havilland na Kanada, an ƙera shi a 1963. Nan da nan jaridu suka kama wannan, jirgi mai shekara 54. Suka kuma tono cewa ya taɓa faɗuwa a 1996 sa'ad da ake feshin gona da shi, matuƙinsa na lokacin ya mutu, daga baya aka sake gina shi. Wanda ya karanta wannan a Ingila zai ce shi ke nan, an gano, tsohon ƙarfe aka ɗora mutane a kai. Sai dai tsufan shekara ba ya nufin haka a harkar jirgin sama. An daina ƙera Beaver tun 1967, amma har yau ɗaruruwansu na aiki a Kanada da Alaska, ana sauya musu sassa bisa awannin da suka yi a sama. Masu bincike ba su sami alaƙa tsakanin hatsarin 1996 da wannan ba, ba su kuma ga alamar cewa injin ko igiyoyin sarrafa jirgin sun gaza ba.

Da jirgi ya fita daga zargi sai ido ya koma kan matuƙi. Mutum ne mai awa sama da 10,000 a sama, mafi yawansu a kan irin waɗannan jirage masu sauka a ruwa, ya san yankin kamar tafin hannunsa. Me zai kai shi lungun da kowane matuƙi a wurin ya san ba ya ɓullewa? Wasu suka ce ganganci ne, yana son burge fasinjoji. Wasu suka ce ciwon zuciya ne ya kama shi, amma binciken gawa da tarihin lafiyarsa ba su nuna haka ba. A cikin 2018 har wani hasashe ya shiga jaridu cewa wataƙila fasinjan kujerar gaba ne ya juya zai ɗauki hoto ya bugi matuƙin a ka bisa kuskure. Babu hujjar da ta tabbatar da wannan. Amma a duba yadda zancen zai sauka a kunnen wanda ya san wannan fasinja: abokinka ya mutu, ga shi kuma ana raɗa cewa shi ya kashe sauran. Matuƙin ma yana da iyaye da abokai a Kanada, su ma nasu ya mutu a ƙasar waje, kuma su aka bari da nauyin kalmar ganganci. A ganina wannan zango ya fi ranar hatsarin kanta cin mutane a hankali, domin zuciyar mai makoki ba ta iya zama da gurbi, duk abin da aka miƙo mata cusawa take yi.

Rahoton wucin gadi da ya fito a Disamba 2018 bai kawo dalili ba. Shekarar 2019 ta zo ta wuce.

Noti uku

Gwajin jinin da aka yi wa gawarwakin da farko ya duba giya da ƙwayoyi da magunguna, bai duba iskar kabon monoksaid ba, domin ba ta cikin abin da ake dubawa kai tsaye in babu gobara. Sai da ana duba daftarin rahoton ƙarshe wani likitan harkar jiragen sama da hukumar ta ɗauka ya ba da shawarar a gwada, ko don a cire shakku. An ajiye samfurin jinin. Sakamako ya fito a Maris 2020: akwai iskar a jinin matuƙin da na fasinjoji fiye da ƙima. A jinin matuƙin ta kai kashi 11 cikin ɗari.

Kabon monoksaid tana fitowa daga man da bai ƙone sarai ba. Ba ta da launi, ba ta da wari. In ta shiga huhu tana manne wa sinadarin jinin da ke ɗaukar iskar shaƙa, da ƙarfin da ya ninka na iskar shaƙar fiye da sau ɗari biyu, sai ƙwaƙwalwa ta fara yunwa ba tare da mai ita ya sani ba. Farkonta ɗan ciwon kai ne da jiri da kasala, irin abin da mutumin da ya wuni yana aiki a rana zai ɗauka gajiya ce. Daga nan sai lissafi ya fara kuskurewa, ido ya ga hanya amma kai ya kasa tantance ta. Muguntarta ke nan ga matuƙi: abin da zai gane da shi cewa akwai matsala, shi ta fara taɓawa.

Masu bincike suka koma kan tarkacen da sabon ido. A jikin zoben salansar da ke tattara hayaƙi daga silinda tara na injin suka sami tsagogi, kuma yanayin bakin tsagogin ya nuna sun girmi hatsarin. Ta nan hayaƙi ke tsiyaya cikin ɗakin injin. Wannan kaɗai bai isa ya kai ga mutane ba, domin akwai bangon ƙarfe tsakanin injin da inda ake zama, aikinsa ke nan tare wuta da hayaƙi. Sai dai a jikin bangon akwai wasu ƙananan murafe da makanikai ke buɗewa in za su taɓa na'urar da ke ba fulogi wuta, kuma noti uku daga cikin masu riƙe murafen babu su. Ramuka uku, kowanne bai kai kaurin ɗan yatsa ba, a gaban ƙafafun matuƙi.

Sai abu na uku. Kafin fasinjojin su hau, matuƙin ya janye jirgin daga matsaya ya yi ta zagaye a kan ruwa na minti 27, inji na aiki, ƙofarsa a ɗan buɗe. Kowa zai ɗauka buɗe ƙofa iska mai kyau take kawowa. Da hukumar ta gwada da wani Beaver, ta kwaikwayi tsiyayar salansa ta cire notin, sai ta ga buɗaɗɗiyar ƙofar na iya ƙara jawo hayaƙin ciki ta ramukan. Ga shi kuma ya riga ya yi sawu da dama a cikin jirgin a wannan rana, iskar kuwa taruwa take a jini, ba ta saurin fita.

Akwai abin gargaɗi a jirgin. Wani ɗan kati ne da ake mannawa a gaban matuƙi, da ɗigo a tsakiyarsa wanda ke yin duhu in ya haɗu da iskar. Ba ya ƙara, ba ya walƙiya, sai an dube shi, kuma yana da wa'adi, rana da tururin sinadarai na kashe shi. Hukumar ta ce da alama wanda ke cikin wannan jirgi ba ya aiki a ranar, kuma kamfanin ba shi da tsarin duba lafiyar katin. A Yuli 2020, tun kafin kammala rahoto, ta fitar da gargaɗi ga masu jirage masu injin fistin, wato irin injin wannan jirgi, da makanikansu: a duba salansa, a toshe duk wata kafa a bangon injin, a sa na'urar lantarki mai ƙara. Ba wannan ne karon farko da iskar ta fito a irin wannan bincike ba. A Agusta 2019 masu binciken Birtaniya sun sanar da samun kashi 58 cikin ɗari a jinin ɗan ƙwallon Ajantina Emiliano Sala, wanda ƙaramin jirgin da ya ɗauko shi daga Faransa ya faɗa teku a Janairun 2019.

Rahoton ƙarshe ya fito a ƙarshen Janairu 2021, shekara uku da wata guda bayan hatsarin. Ya kamata a karanta kalmominsa yadda suke. Kashi 11 ba adadin da ke sumar da mutum ba ne, ya yi nisa da na Sala. Hukumar ba ta ce ta tabbata ba, cewa ta yi mafi rinjayen zato shi ne iskar ta rage wa matuƙin iya sarrafa jirgin: ya rikice, ya shiga inda bai nufa ba, ya ga tsauni a gabansa, ya yi kwanar da ta fi ƙarfin fikafikan a tsayin da babu sararin gyara. Abin da ya gudana a cikin jirgin a minti na ƙarshe, ko an yi magana, ko fasinjojin sun gane, babu mai iya faɗa, kuma wannan ita ce tambayar da abokai suka fi kwana da ita. Duk da haka rahoton ya sauke kaya daga kan mutum biyu. Ba ganganci ba ne, ba kuma hannun mai ɗaukar hoto ba.

Dukiyar Cousins ta riga rahoton samun matsaya. Kimanin shekara guda kafin tafiyar ya sa an ƙara wani sharaɗi a wasiyyarsa, irin wanda lauyoyi ke ba da shawara mutane su sa hannu suna murmushi: in shi da 'ya'yansa suka mutu tare, mafi yawan dukiyar ta tafi ga ƙungiyar agaji ta Oxfam. A Agusta 2018 labari ya fito cewa kuɗin sun kai fam miliyan 41.

ATSB ba ta hukunta kowa, ba ta kuma kafa doka, shawara kawai take bayarwa. A rahoton ta nemi hukumar kula da sufurin jiragen sama ta Ostiraliya ta duba wajabta na'urar gano kabon monoksaid mai ƙara a jirage masu injin fistin, musamman masu ɗaukar fasinja. Ta kuma nemi wannan hukuma da ta duniya, ICAO, su duba sanya ƙananan na'urorin naɗar bayanai a jiragen fasinja da nauyinsu bai kai kilo 5,700 ba, domin a wannan bincike abin da ya tsaya a madadin baƙin akwati shi ne hotunan hutu na ɗaya daga cikin mamatan.